Gardamar Schumacher a wurin ataya na Nima

Daren Asabar muna zaune wurin shan ataya a unguwar Nima da ke Accra gardama ta kaure kan Michael Schumacher, tsohon direban tseren motoci na Formula 1. Tambayar ita ce: da gangan ya tsayar da motarsa ta Ferrari a kwanar Rascasse a Monako a 2006, lokacin gwajin raba wuraren farawa, don ya hana abokin hamayyarsa Fernando Alonso ƙwace gurbin farko a layin fara tsere? Ga abin da na tsinta.

Wani makanike, farcensa duk baƙin mai, ya ce kada mutum ya yanke hukunci da guntun bidiyon da ake yaɗawa a WhatsApp. A duba yadda aka murɗa sitiyari da yadda aka taka birki. Alƙalan tseren ma sai da suka shafe sa'o'i suna nazarin bayanan motar kafin su mayar da shi can ƙarshen layi. Direban da kwana ta ƙwace masa, in ji shi, kokawa yake yi da mota. Wannan kuwa lallaɓa ta ya yi, kamar mai ajiye ta a ƙofar masallaci.

Wani direban trotro, wato motar haya, ya nace a duba halin Schumacher na baya: a Jerez a 1997 ya karkato kan Jacques Villeneuve, hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta cire shi daga jerin gasar shekarar baki ɗaya. Dattijonmu ya taka masa birki da direban ya kawo karon da Schumacher ya yi da Damon Hill a Adelaide a 1994. "Yaro, wancan ba a hukunta kowa ba, kada ka yi musu kuɗin goro."

Ni dai bayan makaniken na bi. Masoyin Ferrari guda ya ƙi sauka, har shayin zagaye na uku ya huce a hannunsa.