Tambaya kan asalin Dolly Parton: da gaske a coci ta koyi waƙa?

Tela_Gumel:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne, shagona yana wani ƙauye a gefen Gumel. Marigayi mahaifina direban babbar mota ne, ya yi shekara da shekaru yana lodin shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis yana yin Kudu da su. Cikin abin da ya bar min akwai wata leda cike da kaset-kaset, duk na mawaƙanmu na gargajiya, sai guda ɗaya tak na wata Baturiya mai gashi tuli, Dolly Parton. Na saurare shi har zaren ya tsinke, na liƙe da salatif, ya sake tsinkewa. Yanzu yarona ya zuba min waƙoƙin a memori.

Turancina na firamare ne, sai dai in tsinci kalma ɗaya in rasa goma. Amma akwai wata waƙa, *Coat of Many Colors*, da in ta zo sai in ɗaga ƙafa daga kan keke in yi shiru har ta ƙare. Shekaranjiya wani da ya kawo ɗinki ya ce min ai matar a coci ta tashi, kuma waƙar ma labarin ɗinki ce. Yana sauri, ya tafi bai ƙarasa min ba. Don Allah wanda ya san asalinta ya warware min. 'Yar masu kuɗi ce? Me take faɗa a ciki?

Malam_Mai_Ritaya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka. Na koyar da Turanci a sakandare har na yi ritaya, kuma wannan waƙar na sha kawo ta aji.

Wane kuɗi! 'Yar talakawa ce tiƙis. An haife ta ranar 19 ga Janairu 1946 a cikin duwatsun gabashin jihar Tenesi ta Amurka, a wani gidan katako mai ɗaki ɗaya a bakin rafi. Ita ce ta 4 cikin 'ya'ya 12. Mahaifinta, Robert Lee Parton, ya fara ne da noma a gonar wani ana raba amfani, daga baya ya samu 'yar gonarsa ta taba, yana haɗawa da aikin gini. Bai iya karatu da rubutu ba. Ranar da aka haife ta babu ko sisi a gidan, da buhun garin masara ya sallami likita. Ka ga dai yadda a da ake ba ungozoma damin gero a wajenmu.

Waƙa kuwa ta wajen uwa ta gado ta. Mahaifiyarta Avie Lee mai yawan rera tsofaffin waƙoƙi ce a gida, kakanta na wajen uwa kuma, Jake Owens, mai wa'azi ne. A cocinsa ta fara tsayawa gaban jama'a tana da shekara 6. Tana 7 tana kaɗa jitar da aka harhaɗa a gida, tana 8 kawunta ya saya mata ta gaske. A shekara 10 har ta fara fitowa a rediyo da talabijin a birnin Knoxville na jihar tasu, tana 13 ta yi faifanta na farko. Ta gama sakandare a 1964, washegari ta ɗauki kayanta sai Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, wato waƙoƙin ƙauyawan Amurka.

Waƙar da kake so ta fito a 1971, kuma abin da ya same ta ne. An kawo musu akwatin ƙyallaye sadaka, sanyi ya matso, ba ta da rigar sanyi. Uwar ta zauna ta jona ƙyallayen nan ɗaya bayan ɗaya, tana ɗinki tana ba ta labarin rigar Yusuf. Yarinya ta saka ta tafi makaranta tana taƙama, yara suka yi mata dariya. Ita kuwa ta kasa gane abin dariyar, don a wurinta ba wanda ya kai ta arziki ranar nan.

Abin da ya fi burge ni da ita bai shafi waƙa ba. Rashin karatun ubanta ya tsaya mata a rai, shi ya sa a 1995 ta kafa shirin aika wa yaran yankinsu littafi kyauta kowane wata, daga haihuwa har shekara 5.

Maman_Ladi:

Sannu Baba Malam, ka yi bayani. Ni Bahaushiya ce Kirista, daga ƙauyukan Sumaila, bari in ƙara kan batun cocin don shi na sani.

Irin cocin kakanta na 'yan Fentikostal ne, ba a zama shiru a cikinsa. Tafi ake yi, ana kaɗa abin da aka samu, kowa ya buɗe murya. Yaron da ya tashi a nan ba ya jin tsoron taro. Ni ma haka na koya. Ina 'yar shekara 7 innata take jana zuwa Zumuntar Mata, a zaunar da ni kusa da mai buga tulu. Ba takarda, ba malamin kiɗa. Wata ta ɗauko baiti, sauran su amsa, in ka kauce tsohuwar da ke gefenka ta ɗan taɓa ka da gwiwar hannu ka dawo hanya. Idan na ji yadda Dolly take karya murya a ƙarshen baiti, wallahi waɗannan tsofaffin nake tunawa.

Amma ɗan'uwa, kada a rikita maka abu. Yawancin waƙoƙinta na soyayya ne da zaman duniya. Na bishara daban suke, ta yi musu faifai guda a 1971, kuma tana da wata da ta yi a kan kakan nata mai wa'azi. Taka ta ɗinki ba waƙar sujada ba ce, waƙar uwa ce.

Ɗan_Islamiyya:

Allah ya gafarta Malam, ɗan ƙarin haske kaɗan. Zancen riga ta musamman da uba ya yi wa Yusuf daga littafin Kiristoci yake, Farawa sura ta 37. A Alƙur'ani ba a faɗi launinta ba. Amma rigar Annabi Yusuf, alaihis salam, ta zo a wuri 3 cikin Suratu Yusuf: wadda 'yan'uwansa suka shafa wa jinin ƙarya, wadda aka yage ta baya, da wadda aka jefa a fuskar Annabi Yaƙub ganinsa ya dawo.

Mama, abin da kika faɗa mu ma haka yake. Masu bege da yawa a waƙen Islamiyya da taron Mauludi muryarsu ta buɗe. Hukuncin sauraron kiɗa kuwa malamai sun yi magana mai tsawo, Yaya Tela ya tambayi malaminsa.

Tela_Gumel:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, tun da na karanta amsarka ban iya komawa kan keke ba.

Ina aji 3, motar Baba ta lalace a Kudu ana saura kwana kaɗan ƙaramar sallah, ba shi ba saƙo. Inna ta je wurin telan garinmu ta roƙo ragowar yadi, ta zauna dare biyu da allura a gaban aci-balbal. Gaban rigar shuɗiyar shadda, bayanta farin yadi, hannu ɗaya ya fi ɗaya duhu, aljihun kuwa atamfa ce. Ɗinkin ƙanana-ƙanana, yau da nake tela na san aikin da ya ci. A filin idi yara suka bi ni suna kirana mai rigar tuta. Ni ban yi irin ta Dolly ba. Na dawo gida na tuɓe ta, na cusa a ƙarƙashin rumbu, na wuni da tsohuwar singileti. Da yamma na ga Inna ta zaro ta, ta kakkaɓe ƙasar, ta ninke ta sa a adaka. Har yau ba ta taɓa tayar min da maganar ba, ni ma ban taɓa ba ta haƙuri ba.

Tana nan da ranta, idonta ne ya yi rauni. Ranar Juma'a zan je gaishe ta, kuma da memorin zan tafi. Malam, don Allah ka rubuto min ma'anar baitocin da Hausa, ɗaya bayan ɗaya, yadda zan riƙa tsayar da waƙar ina karanta mata.