Abin da muka kwaso daga zaman zumuntar mata a Yamai

Bayan sujada ranar Lahadi muka zauna a inuwar dogon yaro, muna tattauna yadda mutum zai riƙe addu'a idan rayuwa ta yi tsanani.

Shawarar da ta fi zauna mini ta fito daga bakin wata dattijuwa da ta ga ƙone-ƙonen majami'u na Janairun 2015. Ta ce ranar da baki ya kasa haɗa kalmomi, a buɗe Zabura a karanta da ƙarfi, domin Dawuda ma kuka ya yi kafin ya yi yabo. Ita Zabura 121 take maimaitawa tun daga lokacin. "'Yata, haddace ta," in ji ta, "kuran (wutar lantarki) kan ɗauke da dare."

Wasu suka kawo Matiyu 6:34 kan damuwar gobe, musamman ga masu neman kuɗin haya da na lakwal. Wata ta ce a ware lokacin addu'a da asuba, kafin yara su farka.

An ɗan yi gardama kan azumi a zafin Afrilu. Ni dai ina bayan masu cewa mai ciki da marar lafiya su haƙura. Muka rabu a kan kowace za ta leƙa gwauruwa ɗaya a unguwarsu kafin Lahadi mai zuwa, ko da kwanon gero ne a hannu.