Inuwar giginya: shade ce ko shadow?

Malamar Turanci: Assalamu alaikum. Jiya wata ɗalibata ta tambaye ni yadda za ta juya "Inuwar giginya, na nesa ka sha ki" zuwa Turanci. Sai na yi tsaye, domin mu kalma ɗaya gare mu, su kuwa biyu: shade, wurin da ake fakewa daga rana, da shadow, baƙar siffar da abu ke shimfiɗawa a ƙasa idan ya tare haske. Wacce ta dace?

Ɗan Zazzau: Wa'alaikumus salam, Malama. Ai uwarsu ɗaya. A tsohon Turanci, kafin shekarar 1100, sceadu ake cewa, idan matsayinta ya sauya a jimla sai ta koma sceadwe. Ta farkon ce ta haifi shade, ta biyun ta haifi shadow. Jamusawa na cewa Schatten, mutanen Holan schaduw, masana kuma na danganta su da skotos ta Girkanci, wato duhu. Ni shade zan ɗauka, tunda maganar shan inuwa ake.

Baba Manomi: Ɗana, ka taɓa neman hutu a gindin giginya da la'asar? Ganyen na can ƙololuwa, gangar jikin ba ko reshe. Ka jingina da ita rana na dukan ƙeyarka, inuwar kuwa ta tsallake kunyoyi ta sauka a gonar maƙwabci, akuyarsa na kwance a ciki tana tuƙa. Abin da karin maganar ke nunawa ke nan, inda inuwar ta faɗi. Da mai arzikin da ke ciyar da bare ya bar 'yan'uwansa da yunwa ake.

Ɗan Zazzau: Na karɓi gyara, Baba. Shadow ce ke tafiya haka. Shi ya sa suke amfani da ita ga mai bin sawun mutum a ɓoye, kuma a majalisar Birtaniya 'yan adawa na naɗa ministocin inuwa, kowane yana sa ido kan takwaransa na gwamnati.

'Yar Damagaram: Ban yarda gaba ɗaya ba, Yaya. Shadow ba ta ɗauke da sanyi, sau da yawa ma tsoro da shakka take jawowa a bakinsu. Inuwarmu kuwa rahama ce. Marigayiya kakata takan faɗi wannan karin maganar ne da ciwo a ranta, saboda na kusa ya rasa abin da na nesa ya samu. In aka ce shadow, wannan rashin ya ɓace.

Malamar Turanci: To, gobe zan rubuta mata duka biyun a allo: giginya na jefa shadow, na nesa ya sha shade.