An ba ni amanar mata huɗu marasa matsuguni, ta ina zan fara?

Maman Hauwa:
Assalamu alaikum. Ni 'yar Gwoza ce, mun gudo Maiduguri a 2014, na zauna a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi har aka rufe shi a ƙarshen 2021. Yanzu ina ɗakin haya, ɗinkin hula ke riƙe da ni. Ƙungiyar da ta koya mini sana'ar ta haɗa ni da mata huɗu in zame musu babbar yaya, wai tunda na bi ta hanyar. Biyu ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumbar 2024 ce ta cinye ɗakunansu a Gwange, har yau a raɓe suke gidan mutane. Ɗaya mijinta ya sake ta, a kango take kwana da goyo. Ta huɗun ba ta magana sam, sai dai ta yi ta jan bakin mayafinta. In ba su labarina ne ko in yi shiru? Kuma in sun roƙe ni kuɗi fa?

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam, Allah Ya ba da lada. Kar ki fara da labarinki. Ki ce musu kawai ke ma kin kwana a tanti, ya isa. Abin da kika fi ma'aikatan ofis shi ne sanin hanya: inda ake rajistar NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), mai gidan da zai karɓi haya wata-wata, mai sarin hula da ba ya danne kuɗin aiki. Mai goyon nan ki raka ta awon jariri da ƙafarki, kwatance ba ya kai mace mai jin kunyar tufafinta.

Ya Falmata:
Maganar kuɗi, a'a Yaya! Ran da kika ciro dubu ɗaya daga bakin zaninki kin zama uwar ɗaki, sauran ukun kuma za su ji. Ku kafa adashe, ko na ɗari-ɗari ne. Ita kuma ƙungiyar, ta ba ki kuɗin Keke Napep da katin waya. Aiki kike musu, hular da ba ki ɗinka ba ranar wa zai biya?

Malam Na-Allah:
Hajiya, mai shirun nan ce ta tsaya mini a rai. Kar a matsa mata. Amma in ta ambaci kashe kanta ko wani na cin zarafinta, wannan ya wuce sirri tsakaninku, ki sanar da ma'aikaciyar da ke kula da ku a ranar. Ki faɗa musu wannan sharaɗin tun zaman farko.

Maman Hauwa:
Na gode ƙwarai. Ya Falmata, kuɗin Keken nan nauyin tambaya nake ji, amma zan ɗaga maganar ranar Litinin. Mai shirun na ga tana kallon zare, zan tafi da allura biyu.