Neman Shawara: Na Rarraba Barcina, Yanzu Na Kasa Mayar da Shi Daidai

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne a Birnin Kebbi, da rana ina karatu, da dare kuma ina ɗinki domin in riƙe kaina. Makonni uku da suka wuce na fara rarraba barcina: ina kwanciya daga ƙarfe 12 na dare zuwa ƙarfe 3, sannan in ƙara da gajeren barci na minti 20 sau uku, da hantsi, da lokacin ƙailula, da bayan Isha'i. Jimilla awa 4 ke nan, alhali likitoci suna cewa baligi yana buƙatar aƙalla awa 7.

Tun mako na biyu ciwon kai ya kama ni, ina maimaita layi ɗaya sau uku ban fahimta ba, kuma shekaranjiya gyangyaɗi ya ɗauke ni a kan keken ɗinki har allura ta huda mini yatsa. Abin da ya fi damuna shi ne, na daina tsarin, amma ƙarfe 3 na yi sai idona ya bushe har Asuba.

Don Allah, ta yaya zan dawo da barcina na dare, kuma ciwon kan nan ya kai in je asibiti?