Wace kalma za mu sa wa "koci" in ba na ƙwallo ba ne?

'Yar Mabera: Assalamu alaikum malamaina. Gobe bayan Azahar za mu naɗi shirin matasa da sana'o'i a gidan rediyonmu, batun kuwa shi ne masu aikin nan da Turawa ke ce wa koci, wanda ɗan kasuwa ko ma'aikaci ke biya don su riƙa zama kan wani buri nasa. Sashen da ke hannuna shi ne shirin da yake yi kafin zama. Yakan duba abin da ya rubuta a zaman baya da alkawarin da mutumin ya ɗauka, ya tuna sharaɗin riƙe sirri da suka sa wa hannu, ya kashe waya, ya yi shiru na 'yan mintoci har hankalinsa ya dawo jikinsa. Ba ya tanadin amsa, tambayoyi yake tanada, don mai zuwan ne ke zaɓen abin da za a tattauna. In na ce koci, mai sauraro a Illela zai ɗauka labarin wasanni ne. Ku agaza mini, har da sunan shi mai zuwan.

Ɗan Runjin Sambo: Mai horarwa. An wuce wurin.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Mai horarwa umarni yake bayarwa, ya hura usur a ruga. Wannan da ta siffanta ba ya cewa yi kaza. Ko mashawarci?

'Yar Mabera: Allah gafarta malam, shi ma na gwada. Ƙungiyarsu ta duniya, ICF, wadda aka kafa a Amurka a 1995, ta raba aikin da na mai ba da shawara da na likitan ƙwaƙwalwa. Matakinsu na farko sai mutum ya yi sa'o'i 60 na karatu da sa'o'i 100 na zama da mutane, kuma babban abin da ake koya masa shi ne saurare da riƙe bakinsa.

Baba na Ƙofar Marke: Ɗiyata, mi yak kai ku nesa? Kalma tana nan gida: madugu. Kakanninmu da sunka yi hwataucin goro zuwa Gwanja ba su ɗaura wa jaki kaya sai madugu ya san zango, ya san rijiya, ya san inda aka biyan fito da inda 'yan hwashi ka tarewa. Wanga shiri da kika hwaɗi shi na. Madugu uban tahiya.

Malamin Hausa: Baba, akwai abin da zai yi maka daɗi. Ita kalmar Turancin asalinta sunan wani gari ne a Hungari, Kocs, inda ake ƙera keken doki. Daga baya ɗaliban Oxford suka laƙaba ta ga malamin da ke ɗaukar ɗalibi ya ƙetarar da shi jarrabawa.

Baba na Ƙofar Marke: To kun gani. Su ma tahiya sunka nuhwa.

Ɗan Runjin Sambo: Ranka shi daɗe, madugu shi ke yanke hanya, ayari ya bi. A nan mai zuwan ne ke yankewa. Sannan kunnen mutane ya saba da madugun 'yan adawa da madugun 'yan tawaye.

Almajirin Zaure: Murabbi fa? Shi ma yana kintsa zuciyarsa kafin ya zauna da muridi.

Malama ta Arkilla: A'a ƙanena, kada mu taɓa wannan. Muridi miƙa wuya yake yi ga shehinsa, kuma ba a yanka wa tarbiyya farashin awa. In tarihi za mu tono, ga jaji. Nana Asma'u ta naɗa jajoji su jagoranci 'Yan Taru, da malfa da jan rawani, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Sai dai ita ma jaji karatu take kaiwa.

Baƙo daga Fagge: Ni dai ban ga laifin koci ba. Mun karɓi direba, mun karɓi lauya da makanike, Hausa ba ta mutu ba. Ku ce kocin rayuwa, cikin wata guda kowa ya saba.

Baba na Ƙofar Marke: Ga irinta nan. Duk kalmad da ta sauko daga mota Kano sai ku amshe ku ce daidaitacciya ta. Mu anka rubuta wa'azi da waƙa da Hausa tun zamanin Shehu, ba mu rasa kalma ba.

Baƙo daga Fagge: Baba, da girmanka, waƙoƙin nan cike suke da Larabci. Aro ne shi ma. Kuma ba Kanawa suka zaɓi kansu ba, masu tsara rubutun boko ne suka ɗora ma'auni kan Kananci.

Malamin Hausa: Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattaro kalmomin Sakkwato da Katsina da Gobir da yawa, ya nuna inda kowace ta fito. Ba a yar da kowa ba. Amma Baba na da gaskiya a abu guda: muna saurin aro kafin mu leƙa rumbu.

'Yar Mabera: Don Allah iyayena, gobe ne fa.

Malama ta Arkilla: Koma kan shirin da yake yi, 'yar uwa. Matakai huɗu na zaman koci da John Whitmore, wani Baturen Ingila masanin wannan aiki, ya yaɗa a 1992 duk tambayoyi ne: ina ka nufa, ina kake yanzu, waɗanne hanyoyi ke gabanka, wacce za ka bi kuma yaushe. Mutumin da ke tambayar ina ka nufa, ya taka tare da kai, bai karɓe maka kaya ba, a Hausa rakiya yake yi. Mai rakiya. Shi ya sa yake zubar da nasa ra'ayin kafin ya shigo ɗaki.

Ɗan Runjin Sambo: Ma'anar ta zauna. Ki dai kiyaye, kada bakinki ya zame ki ce ɗan rakiya, wannan wanda ba a dama da shi ne.

Malamin Hausa: Na yarda da rabi. A ambaton farko ki ce kocin rayuwa, wato mai rakiyar mutum zuwa ga burinsa, daga nan ki ci gaba da mai rakiya. Jam'i masu rakiya, mace mai rakiya, ba gardamar jinsi. Shi mai zuwan kuma kada ki ce kwastoma ko abokin ciniki, ba shago ba ne.

Almajirin Zaure: Ɗalibi?

Malama ta Arkilla: Ba karatu yake ɗauka ba. Wanda ake raka.

Malamin Hausa: Ya yi tsawo a baki, amma ba ni da wanda ya fi shi a daren nan.

Baba na Ƙofar Marke: Ku yi yadda kunka so. Rakiya bakin ƙohwa taka tsayawa, madugu shi ka kai mutum Gwanja. Amma ta ɗara koci.

'Yar Mabera: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan buɗe da kocin rayuwa sau ɗaya, sauran duk mai rakiya, kuma zan roƙi masu sauraro su aiko da nasu. Baba, zan ambaci madugu a matsayin shawarar wani dattijo. Sunan mai zuwan dai har yanzu yana buɗe, wanda ya samo kafin ƙarfe 11 na safe ya ajiye mini a nan.