Masu jifa huɗu na kasuwar 2017: abin da kowannenmu ya gani a garinsa

Direban tasi, Bronx

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Duk shekara idan watan Yuli ya doshi ƙarewa, wato lokacin da ake rufe ƙofar musayar 'yan wasa a babbar gasar besbol ta Amurka, gardama ɗaya ce ke dawo mana bayan sallar isha'i: wane mai jifan farko ne ya cancanci ƙungiya ta sadaukar da matasanta domin ta same shi? Ina so mu ajiye hasashe mu koma shekarar 2017, domin a waccan shekarar manyan masu jifa huɗu aka yi ciniki a kansu, José Quintana da Sonny Gray da Yu Darvish da Justin Verlander, kuma yanzu an ga yadda kowane ciniki ya kaya. Ina roƙon wanda ya zauna a ɗaya daga cikin garuruwan da suka saya ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Ga waɗanda ba su daɗe da fara kallo ba, kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, masu jifan farko biyar ne ke karɓa-karɓa, don haka wanda aka saya a ƙarshen Yuli da wuya ya fara wasa fiye da goma sha biyu kafin Oktoba, watan wasannin ƙarshe na neman kofi. Ma'aunin ERA kuwa shi ne matsakaicin makin da ake ci a hannun mai jifa cikin zagaye tara. Wanda nasa bai kai 3 ba gwani ne, wanda nasa ya haura 5 yana cikin matsala.

Ni a lokacin Gray na sa a gaba, kuma ina da hujja. Shekarunsa 27, albashinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ƙungiyar da ta same shi za ta riƙe shi har ƙarshen 2019. Da Yankees, ƙungiyarmu ta nan New York, suka karɓo shi daga Oakland ranar 31 ga Yuli, matasa uku suka bayar, Dustin Fowler da Jorge Mateo da James Kaprielian, biyu daga cikinsu ma suna jinya bayan tiyata, sai muka ce an yi mana araha. Abin da ban auna ba shi ne fili. Filin Oakland na wancan lokacin yana da faɗi ƙwarai a gefen layi, ƙwallon da a wani wuri zai faɗa cikin 'yan kallo a can cafke shi ake yi, alhali a namu filin katangar dama ƙafa 314 ce kacal daga wurin bugu. Ranar 1 ga Agusta 2018 na ajiye mota na kai ɗana kallo, muna fuskantar Baltimore, ƙungiyar da ta sha kashi sau 115 a wannan shekarar. Gray bai gama zagaye na uku ba aka ci maki bakwai a hannunsa, ya sauka ana yi masa ihu, yaron nan ya juyo ya tambaye ni ko wannan ne mutumin da nake yabo. A ƙarshen kakar ERA ɗinsa a gida 6.98 ne, a waje 3.17. Da aka tura shi Cincinnati a 2019 ya gama da 2.87, wanda ya nuna mini cewa hannunsa lafiya lau yake, wurin ne bai karɓe shi ba.

Ma'aikacin kanti, Chicago

Wa alaikumus salam, Malam. Hujjar da ta sa ka zaɓi Gray ita ce ta sa mu a nan muka yi murna da Quintana, kuma a takarda ya fi kowa cika sharaɗi. Ɗan Kolombiya ne mai jifa da hagu, ya jefa zagaye 200 ko fiye a shekaru huɗu a jere daga 2013 zuwa 2016, ba ya yawan rauni, kwantiraginsa mai sauƙi ne kuma ana iya tsawaita shi har 2020. Cubs sun ɗauki kofi a 2016 bayan jiran shekara 108, suna son su maimaita, sai suka tsallaka kudancin gari suka saye shi daga White Sox ranar 13 ga Yuli. A wasansa na farko, a Baltimore, ya jefa zagaye bakwai ba a ci masa ko ɗaya ba, ya sallami masu bugu goma sha biyu. Ina tuna washegari a wurin aiki, abokin aikina mai goyon bayan White Sox ya saurari murnarmu har muka gama, sannan ya rubuta sunaye biyu a bayan rasit ya liƙa kusa da na'urar kuɗi: Eloy Jiménez da Dylan Cease, biyu daga cikin matasan da muka bayar a cinikin. Takardar ta daɗe a wurin.

Quintana bai lalace ba, kuma rashin adalci ne a ce ya lalace. Ya ci gaba da fitowa duk kwana biyar yana yin aikinsa daidai gwargwado, amma kuɗin jagora muka biya muka samu na tsakiyar layi, kuma a wasa na biyar na matakin kusa da ƙarshe na 2017 Dodgers na Los Angeles suka fitar da shi da wuri, suka ci mu 11 da 1. Cease kuwa ya zo na biyu a zaɓen lambar Cy Young, wadda ake ba gwarzon mai jifa, ta 2022. A ganina idan ana kwatanta masu jifa, yawan shekarun da suka rage a kwantiragi yana ruɗar mutane, domin kowace shekara da ta rage da matashi ake biyanta, kuma ita shekarar ba ta ƙara wa ƙwallo gudu.

Ɗalibi, Los Angeles

Iyayena da yayyena, a yi mini izini in sa baki. Darvish aro ne na wata uku, kwantiraginsa na ƙarewa da kakar, shi ya sa Dodgers ba su ba Texas manyan matasansu na sahun farko ba, Willie Calhoun ne babba a cikin ukun da suka tafi. Mutane sun manta cewa ya yi abin da aka saye shi dominsa har sau biyu a Oktoba, ya doke Arizona, ya doke Cubs. Sai aka zo World Series, wato karawar ƙarshe ta ɗaukar kofi, tsakaninmu da Houston, a wasa na uku da na bakwai bai gama zagaye na biyu ba. Daren 1 ga Nuwamba muna cike da ɗakin kallo na ɗalibai, da George Springer na Houston ya tsallakar da ƙwallo katanga aka koma 5 da nema, ɗakin ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Bayan shekara biyu aka bankaɗo cewa Houston suna satar alamun mai cafke ƙwallo da kyamara a filinsu a wannan kakar. Wasa na uku a Houston aka buga shi, na bakwai kuwa a gidanmu, don haka ba zan ɗora komai a kan satar ba, amma tun daga lokacin na daina yanke wa mai jifa hukunci da dare biyu.

Ma'aikaciyar jinya, Houston

Sannunku. Ƙanena na Los Angeles, maganar satar alamu gaskiya ce, hukumar gasar ta tabbatar da ita a Janairun 2020, kuma ta rage mana daɗin wannan kofi. Ba zan kare ta ba. Sai dai satar masu bugu ta amfana, ba ita ta jefa wa Verlander ƙwallo ba.

Ku tuna yadda aka riƙa kallonsa a Yuli: shekara 34, albashin dala miliyan 28 a shekara har 2019, kuma rabin farko na kakar bai yi masa kyau ba. A duk kwatancen da na ji shi ake sa wa a ƙarshe. Ranar 31 ga Yuli ta wuce shugabanninmu ba su kawo kowa ba sai Francisco Liriano, har mai jifanmu Dallas Keuchel ya fito fili ya nuna ɓacin ransa. Sai guguwar Harvey ta zo a ƙarshen Agusta ta nutsar da unguwanni, ƙungiyar ma ta koma buga wasannin gida a Florida. Na yi kwanaki ina kwana a wurin aiki saboda hanyar gidanmu ta zama kogi, kuma a daren 31 ga Agusta, ina cike takardun marasa lafiya, wani dattijo da ke kwance ya ɗago wayarsa ya nuna mini cewa an sayi Verlander daga Detroit ana saura 'yan mintuna a rufe ƙofar cinikin watan Agusta. Mutumin da ruwa ya cinye masa gida ne, amma a daren nan fuskarsa ta washe. Irin wannan ciniki na watan Agusta an soke shi tun 2019, kuma ko a lokacin sai da shi kansa Verlander ya amince, domin yana da ikon ƙin tafiya.

Ya fara wasa biyar a Satumba, ya ci duka biyar, ERA 1.06. Malam na Bronx, ka yi haƙuri in tuna maka wasa na biyu tsakaninmu da ku a matakin kusa da ƙarshe, inda ya jefa zagaye tara cif shi kaɗai, ya sallami mutum goma sha uku, muka ci 2 da 1, sannan a wasa na shida ya hana ku maki cikin zagaye bakwai. Abin da na lura da shi, kuma nake ganin masu kwatance suka tsallake, shi ne tun daga tsakiyar Yuli jifansa ya dawo, ƙwallonsa na gudu kamar na saurayi, amma lissafin kakar gaba ɗaya yana ɗauke da nauyin munanan wasannin Afrilu da Mayu. Wanda ya kalli wasanninsa na Agusta ya ga wani mutum daban da wanda ke cikin jadawali. Ya ƙara mana lambar Cy Young a 2019, aka yi masa tiyatar gwiwar hannu, ya dawo ya sake ɗauka a 2022.

Dattijo, Detroit

Hajiya, Allah ya saka miki da aikin da kika yi a lokacin ambaliya. Ku duka masu saye ne, ni kuwa a gidan mai sayarwa nake, kuma ba a cika tambayarmu ba. Shekara goma sha uku muna kallon Verlander, sai aka wayi gari an ba mu matasa uku, Franklin Pérez da Daz Cameron da Jake Rogers, kuma har da cikon kuɗi muka bi Houston da shi domin rage musu nauyin albashi. Pérez, wanda aka ce shi ne babba, rauni ya hana shi taka babbar gasa ko sau ɗaya; Cameron ya zo ya wuce. A 2019 mun sha kashi sau 114, ina zuwa filin Comerica da jikana da tikiti mai araha, muna zaɓar kujerar da muke so saboda babu mutane. Na ukun, Rogers, wanda ba a yi ta zancensa ba, shi ya zauna ya zama mai cafke mana ƙwallo. A Oktoban 2024, karon farko da muka shiga wasannin ƙarshe tun 2014, jadawali ya kai mu Houston, Verlander yana ƙungiyarsu amma ba a sa shi cikin jerin waɗanda za su yi wasan ba. Rogers ne ya durƙusa yana cafke wa mai jifanmu Tarik Skubal, shi ne kuma ya buga ƙwallon da ya kawo mana makin farko, muka ci wasa biyu a jere muka fitar da su. Jikan nawa, wanda yake ɗan shekara shida lokacin da aka yi cinikin, shi ya kira ni a waya daga makaranta yana tambaya ko na gani.